Riga Ba Ta Ƙarya

Ranar Litinin da safe zif ɗin rigar Luku ya hau har tsakiyar bayanta, ya ce shi nan ya sauka. Ta ja numfashi ta riƙe, ta karkata hagu, ta karkata dama, ta haɗa shi da Allah da Annabi, ko gezau. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne rigar ba baƙuwa ba ce. Ruwan toka ce mai dogon hannu, makon jiya ma da ita ta je makarantar da take koyarwa, ta wuni a cikinta lafiya lau.

"Yaya!" ta ƙwala kira. "Don Allah zo ki ja mini zif ɗin nan, zan makara."

Yaya ita ce babba a gidan. Tela ce, kekenta na kusurwar falo ƙarƙashin taga, kuma duk suturar gidan daga hannunta take fitowa. Siririya ce kamar mahaifinsu, irin mutanen da za su cinye tukunya guda a rasa inda abincin ya shiga. Ta shigo da allura a baki, ta tokare bayan ƙanwarta da gwiwa, ta ja zif ɗin da ƙarfin tsiya har ya kai wuya. Ba ta yarda sun haɗa ido a madubi ba.

Luku ta fito falo a sanƙare, hannuwa a bubbuɗe kamar wankin da aka shanya. Umma na zaune a kujerarta da kofin shayi. Ta dube ta daga sama har ƙasa, ta girgiza kai.

"Kin ƙara."

"Umma, wallahi ban ƙara ba. Ko abincin dare ma na rage."

"To rigar ce ta rame? Riga ba ta ƙarya, Luku. Mutum ne ke ƙarya, riga ba ta yi."

Ita Umma, in za a bi gaskiya, a wurinta Luku ta gaji jikin nan kaf, har da kumatun da lotsawarsu in an yi dariya. Kujerar da take zaune a kai ma kafinta ya sha zuwa yana ƙara mata katako. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A ganin Umma tata ƙibar ta manya ce, ta haihuwa ce, ba mai tambayarta dalili. Ta Luku kuwa abin kunya ce da ya kamata a magance kafin mutane su gama gani. Sunan ma tun tana rarrafe aka liƙa mata shi, daga lukuta aka gutsuro, ya bi ta har ta zama malama mai albashi.

Kayan Luku duk kala uku ne: baƙi, ruwan toka, ruwan ƙasa. Umma ta ce su ne ke rage mutum a ido. Sau ɗaya tak Luku ta yi ƙarfin hali. Aka gaya mata ita ce za ta tsaya gaban iyaye ta kira sunayen yara ranar raba kyaututtuka ta ƙarshen shekara, sai ta biya kasuwa ta sayo yadi ruwan ɗorawa mai manyan furanni, tana tafe tana murmushi ita kaɗai. Umma ta warware shi, ta ɗaga a haske.

"Wannan a jikinki? Ai sai a ɗauka rana ce ta faɗo ƙasa."

Ta ninke shi, ta kulle a kabad ɗinta, ta ce, "Sai kin rame."

To ga shi maimakon rama sai ƙaruwa, in dai maganar riga za a bi. A aji ranar Litinin ɗin nan Luku ta ɗaga hannu za ta rubuta kwanan wata a saman allo, ta ji hammatar rigar ta ce ƙii, ta yi maza ta sauke. Daga ranar darasinta daga tsakiyar allo yake farawa. Alli in ya faɗi ƙasa ya faɗi ke nan, sai dai wani ya ɗauko mata. Kujerar malama kuwa ta huta, don zama a cikin rigar nan sai wanda ya shirya jin kunya.

"Malama, me ya sa kika daina rubutu a sama?" wata yarinya 'yar layin gaba ta tambaya.

"Don gajerunku su riƙa gani," in ji Luku. Yara suka yi dariya, ita ma ta yi, kaɗan-kaɗan, don dariya mai yawa ɗinki ba zai ɗauka ba.

Ta daina karyawa da burodi, ta koma ruwan zafi da lemun tsami. Ta daina hawa mota, ta riƙa taka sayyadarta zuwa makaranta da dawowa. Umma ta samo mata wani shayi a wurin maƙwabciya, mai ɗaci kamar maɗaci, wanda aka ce ya narkar da tumbin wata mata da ba wanda ya taɓa gani. Luku ta sha, ta yi ta sintiri tsakanin aji da banɗaki. Bayan mako biyu ta ɗauko rigar ruwan ƙasa wadda a da har iska ke shiga ta ƙasanta, sai ga shi ita ma ta kama ta a ƙirji kamar mai bin ta bashi.

Abin ya fara ba ta tsoro. Wata ranar Alhamis ta tsaya a kantin magani ta hau sikeli. Ta duba, ta sauka, ta sake hawa. Ta ragu, ba kaɗan ba ma. Ta shigo gida da sallama mai ƙarfi, rabon da a ji muryarta haka an daɗe.

"Umma, na ragu! Sikeli ya nuna."

"Wane sikelin? Wanda kowa ke hawa da takalmi da jaka? Ai wannan tuni ya haukace. Je ki sa baƙar rigarki mu gani."

Baƙar riga ta zo kwatangwalo ta tsaya. Luku ta ja, ta ja, ta fito da ita a haka, rabi a jiki rabi a hannu, zufa na keto mata.

"Kin gani?" Umma ta kurɓi shayinta. "Me na ce miki? Riga ba ta ƙarya."

Keken Yaya da ke ta gudu ya tsaya, sannan ya ci gaba da gudu fiye da da.

Luku ta koma ɗaki ta zauna bakin gado ta yi kuka mara sauti. Ta yarda. Wa zai ƙi yarda da abin da yake ji a fatarsa? Ƙugunta duk shatin ɗinki ne, hammatarta ta saɓule tana yi mata zafi in zufa ta taɓa, kullum sai ta shafa mai ta liƙa auduga kafin ta sa kaya. Ta fara tunanin ko wani ciwo ne na kumburi ya kama ta, wanda sikeli ba ya gani. Ta fara jin haushin jikinta kamar wani maƙiyi da aka haɗa su ɗaki ɗaya. Abincin rana ma ta yanke shi, ta bar wa kanta kokwamba da ruwa.

Baba ne kaɗai ya taɓa cewa wani abu. Yana cin abinci ya ɗaga kai ya dube ta.

"Yarinyar nan fa kamar fuskarta ta faɗa. Idonta ya zurma."

"Malam, ci abincinka," in ji Umma. "Fuska daban, jiki daban. Wannan harkar mata ce."

Baba ya ci abincinsa, ya jawo rediyonsa. Shi mutum ne mai son zaman lafiya, ko da kuwa wani ne zai biya kuɗinta.

Ana saura 'yan kwanaki ranar raba kyaututtuka aka tara yara a babban ɗakin taro don gwaji. Rana ta take, fanka ɗaya ce ke aiki, ita ma juyi take kamar an tilasta mata. Luku ta tsaya a gaba cikin rigar ruwan toka tana kiran sunaye. Ta kira na farko, ta kira na biyu. A na uku sai takardar ta fara rawa a idonta, muryoyin yara suka yi nisa, ta nemi numfashi ta rasa inda za ta sa shi. Daga nan ba ta sake sanin komai ba.

Ta farfaɗo a ofishin malamai, kwance a kan benci, fuskarta jiƙe da ruwa. A kanta akwai malamar aji huɗu, dattijuwa mai faɗar magana ba kwana-kwana, wadda kowa ke kira Anti. Ta riga ta kori maza ta rufe ƙofa, tana ta fama da zif.

"Wannan ai ba riga ba ce, ɗaurin goro ne," in ji Anti. "Ki yafe mini, zan farke ta."

Ta ɗauko almakashin da ake yanka kwali, ta zura a ɗinkin gefe daga hammata, ta tsinke zare. Iska ta shiga ƙirjin Luku har sai da ta yi tari. Anti ta ci gaba da tsinkewa, can sai ta tsaya, ta gyara tabarau, ta juya gefen rigar.

"Ke, wa ke miki ɗinki?"

"Yayata."

"To tashi ki ga aikin yayarki."

Luku ta ɗago. A cikin rigar, daga hammata har ƙasa, yadi ne a ninke, faɗinsa ya kai tafin hannu, an kwantar da shi luf an bi da guga. A kansa layin ɗinki uku ne a jere. Na can baya zarensa ya tsufa ya koɗe. Na tsakiya da ɗan dama. Na ukun kuwa sabo fil, ko wanki bai gani ba.

"Ga inda rigarki take da farko," Anti ta nuna da yatsa. "Aka tsuke ta zuwa nan. Da aka ga kina numfashi, aka ƙara tsukewa zuwa nan. Ɗaya gefen ma na tabbata haka yake. Ke ba ki ƙara komai ba, 'yar nan. Rigar ce ake ragewa."

Luku ta shafa yadin da yatsa. Duk wurin da take nema ta yi numfashi watannin nan, ashe yana nan a jikinta, an ɗinke shi.

Ta koma gida lulluɓe da mayafi, gefen riga a kame da fil. Ba ta tsaya a falo ba. Ta shiga ɗaki ta kwaso kayanta gaba ɗaya, ta riƙa juya su bai-bai ɗaya bayan ɗaya. Baƙar, ruwan ƙasar, har da ta zaman gida wadda ba mai ganinta a ciki. Kowacce da ninkinta, kowacce da layukanta. Ta rungumo su ta zube a tsakiyar falo, gaban kujerar Umma.

Keken Yaya ya tsaya, wannan karon bai tashi ba.

Umma ta dubi tulin, ta dubi Luku, ko kunya ba ta kama ta ba. "To mene ne? Gata muka yi miki. Na yi magana har bakina ya gaji, ba kya ji. Na ce to bari riga ta yi miki magana."

"Umma, suma na yi yau. A gaban yara."

"Zafi ne. Kowa na suma da zafi. Kuma ai ga shi kin fara faɗawa, da an bar ki da halinki da yanzu ƙofar nan ba ta ɗauke ki ba. Wa zai dube ki a haka? Ni na haife ki, ni zan so ki da sharri?"

"Da na ce miki sikeli ya nuna na ragu fa?"

"Da na yarda ai da kin koma wa burodi."

Luku ta juya wurin Yaya, wadda ta sunkuyar da kai tana murza zare a yatsa.

"Ni cewa aka yi in yi," in ji Yaya a hankali. "In kin tafi makaranta sai Umma ta ɗauko ta ce in ɗan kama gefe. Ta ce ma in yanke ragowar yadin don kar ki gane. Wallahi ban yanke ba, Luku. Na kasa. Shi ya sa na ninke a ciki."

"Na gode, Yaya. Kin shaƙe ni, amma da tausayi."

Baba ya rage muryar rediyo, ya ce shi fa bai san ana yi ba, ai harkar mata ce. Sannan ya mayar da muryar inda take.

Yunwar ba ita ce ta fi yi wa Luku ciwo ba, ba kuma saɓulewar hammata ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne wata da watanni tana tsine wa jikinta, tana ƙaryata sikeli, tana ƙaryata idonta, alhali kowace safiya mahaifiyarta na zaune da kofin shayi tana kallonta tana fama, ta san komai, ta kuma iya buɗe baki ta ce riga ba ta ƙarya. Wannan ya yi mata zafi ƙwarai, kuma ba ta ɓoye ba, ta faɗa a gabansu duka.

Washegari Asabar ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta ajiye faranti cike da shinkafa da wake a gefe, reza a hannu. Ta ci loma, ta farke layi. Ta ci loma, ta farke layi. Umma ta wuce ta gabanta ya fi a ƙirga, tana tsaki tana cewa an ɓata aikin wata uku a wuni ɗaya. Luku ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Umma," ta ƙara miya.

Da ta gama ta ce a ba ta yadinta.

"Ai ba ki rame ba," in ji Umma.

"Ba zan rame ba, Umma. Ranar kuma ba za ta jira ni ba."

Umma ta ce mabuɗin ya ɓata. Ba a jima ba sai ga Yaya ta fito daga ɗakin Umma da yadin a hannu, don ita ta san a ƙarƙashin wane filo mabuɗin ke ɓata. Ta ɗauko tef ta tsaya gaban ƙanwarta.

"Ki faɗi awon da ƙarfi," in ji Luku. "Kowa ya ji."

Yaya ta auna ƙirji ta faɗa, ta auna ƙugu ta faɗa, ta auna kwatangwalo ta faɗa. Rufin gidan bai faɗo ba. Ta shimfiɗa yadin a tebur ta ɗauki alli za ta ja layi, sai Luku ta ga hannun yana sulalewa ciki da kansa, yana cin yatsa biyu daga awon. Ta kama wuyan hannun. Yaya ta dubi layin, ta dubi ƙanwarta.

"Hannun ya saba," ta ce. Ta fara dariya, dariyar ta juye kuka, ta goge layin da gefen mayafinta ta sake ja a inda ya dace.

"Ki buɗa mini hannu sosai, ina son in ɗaga shi," in ji Luku. "Ki sa aljihu, biyu. Ki yi mini ɗamara a ƙugu."

"Ɗamara kuma? Umma ta ce ɗamara na fito da mutum."

"Ai fitowar nake so. Na gaji da ɓuya."

Ranar taron da safe zif ya hau har wuya ba tare da an kira kowa ba. Luku ta fito falo cikin ruwan ɗorawa, furanni manya-manya, ɗamara ta zauna daram, hannuwanta biyu a aljihu. Lallai kamar rana ta faɗo, sai dai ba wanda ya ƙone. Baba ya kashe rediyo da kansa, abin da ba a saba gani ba. Umma ta daɗe tana kallo, kofin shayi a tsaye tsakanin tebur da baki. Kyan ya shige ta, ta rasa yadda za ta yi da shi.

"Masha Allah," ta ce daga ƙarshe. "Kin ga abin da nake faɗa miki? Kin rame, ga shi riga ta zauna. Da ba mu matsa miki ba ina za ki samu wannan?"

Luku ta jawo kujera ta zauna, zama sosai, har da jingina. Ta ɗauki burodi ta shafa masa bota.

"Jiya na hau sikeli, Umma. Abin da yunwa ta ɗauka ya fara dawowa, sauran ma yana hanya. Wannan awona ne, ba a rage ko yatsa ba. Haka nake, haka kuma nake tun can." Ta gutsuri burodin. "Ke kika ce riga ba ta ƙarya."

Umma ta kurɓi shayin da ya riga ya huce. Haƙuri dai ba ta bayar ba, har yau kuma ba ta bayar ba. Iyaye irin Umma suna da yawa. Za su matse ɗa har ya kasa numfashi su ce gata ne, in ya faɗi su ce zafi ne, in ya tashi da ƙafarsa su ce dabararsu ce ta yi aiki. Luku tana ɗaura takalmi a bakin ƙofa ta ji Umma ta rage murya tana tambayar Yaya ko irin wannan ɗinkin mai buɗaɗɗen hannu zai yi wa babban mutum, don ita ma tata rigar tana ɗan cin ta a hammata.

Kafin a shiga ɗakin taro Luku ta biya ajinta. Yara suka yi tsit, sannan suka ɓarke da sowa. Ta ɗauki alli, ya suɓuce ya faɗi, 'yar gaban nan ta zabura za ta ɗauko.

"Bar shi," in ji Luku. Ta sunkuya ta ɗauka da kanta.

Ta juya ga allo ta miƙa hannu sama, can ƙurya inda ƙura ta taru tun farkon zango. Ciwon hammatar bai gama warkewa ba, ya ɗan ja ta, ta cije leɓe. Ta rubuta kwanan wata da manyan baƙaƙe, ɗinki bai ce uffan ba.